Famfon Kawu

Wajen ƙarfe tara na safe ne, hadari ya haɗu tun asuba amma ya ƙi zubowa, gari ya yi lumshi, zufa tana bin mutum ko bai motsa ba. Ina sunkuye a bakin kwamina ina cuɗa wandunan wani makanike, sai na ji motar otal ta tsaya a ƙofa. Ba ranar zuwanta ba ce. Direban ya shigo da ƙunshi a kafaɗa, sallamar ma a ciki-ciki ya yi ta, ya dire ƙunshin a kan teburin guga, ya zaro zanen gado ɗaya ya ɗaga shi wajen haske.

"Baba, dubi wannan," ya ce da Kawuna. "Fari muka ba ka."

Kawu ya goge hannunsa a cinya, ya karɓi zanen. Babu datti a jikinsa, ko ɗigo. Amma farin ya mutu. Wani rawaya-rawaya ya bi shi ko'ina, kamar an tsoma shi a ragowar shayi an matse.

"Wancan makon ma an yi magana, ni na rufe," in ji direban. "Yau oga da kansa ya gani. Ya ce in aka sake, masu inji za a kai wa."

Kawu ya shinshina zanen, ya murza bakinsa tsakanin yatsu, ya ninke shi a hankali. Sai da motar ta tashi sannan ya ɗago kai ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, idonsa ya je ya tsaya a kwamin ƙarshe, inda Na-Inji yake ɗauraya.

Gidan wankinmu tsoho ne, ya girmi duk wanda ke aiki a cikinsa. Doguwar rumfa ce mai rufin kwano, an jera kwamaye na siminti a jikin bango, kowanne da famfonsa da dutsen bugun kaya a gefe. Simintin ya sha sabulu har ya yi baƙi yana sheƙi. Bututu ɗaya ne ya shigo ta cikin bango daga titi, ya fara da kwamin Kawu, sannan ya bi sauran. A bayan rumfar akwai filin shanya, da wata tsohuwar tukunyar ƙarfe mai girman ɗaki da a da ake dafa fararen kaya a ciki da toka. Yanzu kaji ne ke fakewa a ƙarƙashinta.

Kowane kwami gado ne. Nawa na mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Na farko na Kawu ne, yayan mahaifiyata, shi ne babba a wurin, kuma shi ke wankin fararen zannuwa da tawul na otal tun ban san hagu da dama ba. Doka ɗaya ce kowa ya tarar: ba mai buɗe famfonsa da safe sai Kawu ya cika nasa. Fari shi ke fara shan ruwa, masu launi su biyo baya.

Kwamin ƙarshe na Goggo ne, ƙanwar mahaifina. Gwiwoyinta suka ƙi, ta zauna a gida. Kwamin ya yi kwanaki a bushe, har na haɗu da wani mutum a bakin titi yana tambaya ko akwai inda ake neman hannu. Ya ce a shagon wankin inji yake aiki, aka rufe shagon. Na ga hannunsa, na ga irin na mai aiki ne, na kai shi wurin Kawu na roƙa. Kawu ya ce, "Kai ka kawo shi, kai ka san shi." Da ma ban san shi ba, tausayi ne kawai. Aka sa masa Na-Inji, sunan ya bi shi.

Mutum ne mai shiru. Ba ya zama cin abinci da mu, ba ya dariyar zolaya, kuma ba wanda ya san unguwarsu. Da singileti yake aiki. In rana ta yi tsaka sai ya zagaya baya ya fito sanye da farar riga mai dogon hannu, ya ɗauki ƙunshinsa ya tafi gidajen da yake karɓo wanki.

Gajere, mai gugarmu, shi ya fara fasa maganar. Yana fifita gawayi a dutsen guga, bai kalli kowa ba ya ce, "Ruwa dai ba ya tsami banza."

"In kana da magana ka yi ta," in ji Kawu. "Ba na son tari a cikin hannun riga."

"Ni me na sani, Baba? Ni dai na san shekara da shekaru ina goge zannuwan nan farare tas. Yaushe suka fara canja fuska? A tambayi wanda ya iya lissafi."

Kowa ya iya wannan lissafin. Makon da Na-Inji ya zo ne.

"Kuma shekaranjiya da na yi sammako don in hura wuta," Gajere ya ci gaba, yana ƙara rage murya yadda kowa zai ji, "na tarar da mutum tsaye a bakin kwaminka. Gari bai gama wayewa ba. Yana jin motsina ya yi baya da bokiti."

Kawu ya juya. "Kai, baƙo. Zo nan."

Na-Inji ya zo, kumfa tana ɗiga daga gwiwar hannunsa.

"Me ya kai ka kwamina da asuba?"

"Ruwa na ɗiba, Baba."

"Naka famfon fa?"

"Ba ya kawowa da sassafe. Naka ne kawai ke zuba."

Wannan gaskiya ne. Da asuba ruwan ba shi da ƙarfi, a famfon farko yake tsayawa.

"Ruwan me za ka yi kafin kowa ya zo?"

Na-Inji ya kalli ƙasa. "Ban zuba komai a kwaminka ba."

"Ban ce ka zuba ba tukuna. Kai ka faɗa."

Gajere ya yi 'yar dariya ta hanci. "Masu inji ai sun san magunguna kala-kala. Akwai na fari, akwai na kashe fari. In otal ya bar nan, ina zai je? Wurin 'yan'uwansa. Ƙila ma har an yi masa alkawarin kujera."

"Ni ba ni da kowa a can," in ji Na-Inji. Ya koma kwaminsa ya ci gaba da ɗauraya, bayansa a gare mu.

Da yamma, muna kwashe shanya kafin ruwa ya sauko, Kawu ya kira ni gefe.

"Auta, wanda ya ci ladan kuturu shi ke yi masa aski. Ranar da motar nan za ta dawo, kada ta tarar da shi a nan. Kai za ka gaya masa."

"Kawu, ba mu gani da ido ba fa."

"Sai na ga ya cinna mini wuta sannan in yarda akwai hayaƙi? Zannuwan nan su suka aurar da 'ya'yana. Ka gaya masa."

Na ce to, don ban saba ce masa a'a ba.

Ban gaya masa ba a ranar, ban gaya masa washegari ba. Amma na fara kallonsa da wani ido. An ce zato zunubi ne, to na kwashi nawa. In ya sa hannu a aljihu sai in ce kwalba zai zaro. In ya wuce ta gefen daron da Kawu ke jiƙa tawul sai in daina cuɗa in bi hannunsa. Akwai wata jakar leda baƙa da yake ajiyewa a ƙarƙashin dutsen bugunsa, kullum a ƙulle. Sau ɗaya da ya fita na taɓa ta da ƙafa, na ji abu mai tauri a ciki. Ban buɗe ba, amma na kwana da ita a rai.

Kawu kuwa ya ƙara wa zannuwan bilic, ya ƙara bula, ya sake wanke su da hannunsa bai bar kowa ya taɓa ba. Suka bushe, rawayan nan yana nan, har kamar ya ƙara zama. Ya sayo kwaɗo ya rufe akwatin sabulunsa, abin da bai taɓa yi ba. Gajere ya daina amsa gaisuwar Na-Inji. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar bugun kaya a dutse. Har matan da ke zuwa haya kwami su wanke na gidajensu sun lura, wata ta tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Na ce a raina, kafin in kori mutum daga abincinsa, gara in gani. Na yi sammako na riga kowa, na shige ɗakin guga na zauna a bayan tarin ƙunsuna, inda ake hango kwamin Kawu ta tsagar ƙofa. An kwana ana yayyafi, kwanon rufi yana ɗiga.

Ba a daɗe ba ya shigo, da singileti, da jakar ledar a hannu. Ya tsaya ya saurara, ya waiga hagu da dama. Ya ɗauki bokiti ya tara a famfon Kawu, ya buɗe kaɗan yadda ba zai yi ƙara ba. Da ya cika ya rufe, ya goge bakin kwamin da tafin hannu, ya zagaya baya. Bai sunkuya cikin kwamin ba, bai zuba komai ba. Amma na ce ƙila ganin jiya-jiya aka yi magana ne ya sa ya ɗaga ƙafa.

Na bi shi a hankali. Na same shi tsugune a bayan tsohuwar tukunya, ya kwance jakar. Guntun sabulu ne a ciki, da buroshi, da farar rigarsa a dunƙule. Ya tsoma rigar a bokitin yana cuɗa wuyanta.

Na yi gyaran murya. Ya zabura har ruwa ya fantsama.

"Kai ne, ƙanena." Ya saki ajiyar zuciya, sai kuma fuskarsa ta ɗaure. "Turo ka aka yi?"

"Ni na turo kaina, Yaya."

Ya ci gaba da cuɗa. Can ya ce, "Ita ke nan gare ni. In na je ƙofar mutane da riga mai datti, wa zai ba ni tasa in wanke? Kullum sai na wanke ta, in shanya a nan baya, kafin azahar ta bushe."

"Me ya hana ka faɗa wa Kawu haka?"

"A gaban Gajere? Mai wanki da riga ɗaya? Sai ya yi mini waƙa da ita." Ya matse rigar ya yarfa. "Gara a ce mugu ne."

Ya rataye ta a wata ƙusa a jikin bango. Gari ya fara haske. Na tsaya ina kallon rigar, don ban taɓa ganinta kusa haka ba, kullum daga nesa nake hango ta yana fita. Ba fara ba ce. Irin rawayan zannuwan otal ne a jikinta sak, har ya fi nasu kamawa, musamman a wuya da bakin hannu.

"Yaya, da can haka take?"

"Fara ce ƙal na zo da ita. Na ɗauka sabulun ne ba shi da kyau, na canja. Ban sani ba ko tsufa ne."

Na leƙa bokitin. Kumfa ta rufe ruwan, ba a ganin komai.

Na koma kwamina ina juya abin. Mutum ba zai lalata rigar da ita kaɗai gare shi ba. Abin da ya haɗa rigar da zannuwan kuwa famfo ɗaya ne. Amma famfon nan yana nan tun kafin a haife ni, Kawu yana wanke fari da shi, bai taɓa ɓata masa ko hankici ba. Me zai sa sai yanzu? Sai zuciyata ta sake komawa kan mutumin: ko dai wayo ne, ya ɓata tasa don ya wanke kansa? Kai, zato ba shi da kyau. In ya shiga mutum, ko ruwa ka ba shi sai ya ce da ƙashi.

Da la'asar na ɗauki kayan Goggo da na wanke na kai mata, kamar yadda na saba. Na same ta a tsakar gida ta miƙe ƙafafu a kan tabarma, tana shafa wa gwiwa mai.

"Auta, ka zo da fuska kamar wankin da ruwa ya doka. Kawun naka ne?"

Na zauna na ba ta labari, amma na ɓoye zancen riga, don ba nawa ba ne.

Ta yi tsaki. "Shi wannan tun yana saurayi haka yake. Sabulu ya ɓace masa sai ya zargi gari guda, ashe yana zaune a kai." Ta karɓi kayan tana duba gugar. "Wannan Gajere ne ya goge? Ya ƙona mini bakin zane. Ka ce masa ina gaishe shi da aikin ganganci."

Daga nan ta shiga labarin da, kamar kullum. Yadda kakarmu take wanki a bakin rafi, a kan duwatsu, da goyo a baya. Yadda aka gina rumfar nan aka ce kowa ya bar rafi, mata suka ƙi, suka ce ruwan da ke zuwa ta cikin ƙarfe ba ya fitar da datti. Yadda ake kwana ana hura wuta a ƙarƙashin tukunya, maza suna juya zannuwa da sanda kamar masu tuƙi. Yadda a lokacin kwamayen ba sa isa, sai an yi layi, ana faɗa ana shiri. Na sha jin labarin, amma ba na katse ta.

Can ta ce, "Wa ke wanke muku daɓe yanzu?"

"Da yamma muke sharewa, Goggo."

"Ba shara na ce ba. Ruwan farko. Wa ke zubarwa?"

Na yi murmushi. Wannan abin nata ne da kowa ya sani. Goggo ita ke riga kowa zuwa, ta buɗe famfon Kawu ta yi ta cika bokiti tana sheƙawa a ƙasa, tana bi da tsintsiya, tun daga bakin ƙofa har kwata. Kafin Kawu ya zo daɓe ya jiƙe sharkaf. Ba a lissafa shi cikin karya doka, don ba wanki take yi da shi ba. Kawu yana ce mata mai shayar da aljanu. Gajere yana cewa da ruwan da take ɓarnatarwa da an yi noman rani. Ranar da ta daina zuwa, Kawu da bakinsa ya ce to yanzu ruwa ya huta.

"Ba wanda ke yi, Goggo. An ce ɓarna ce."

"Ɓarna." Ta girgiza kai. "Uwata ta ce mini ruwan farko na ƙasa ne, ba a ba tufa. Ita ma haka aka ce mata ranar da aka buɗe wurin."

"Saboda me?"

"Oho. Ni tambaya na yi? A zamaninmu in an ce yi, yi kake. Ƙila don kada a taka datti a hau kan kaya. Ƙila don albarka. Miƙo mini man can."

Na miƙa mata. Ina hanyar komawa ina tafe a hankali, sai na tuna bakin kwatar da ruwan Goggo yake bi ya fita. Akwai wani jan layi a jikin simintin wurin, kamar an shafa jar ƙasa, ba ya fita ko an goge. Tun ina yaro nake ganinsa, har na daina ganinsa.

Washegari na sake yin sammako, amma ban ɓuya ba. Na yanko ƙyalle biyu daga wani tsohon farin zane, na zauna a bakin kwamin Kawu ina jira. Na-Inji ya zo da jakarsa, na ce ya yi haƙuri yau kada ya taɓa famfon. Ya kalle ni, ya je ya zauna a kan dutsensa. Gajere ya zo, ya gan mu, ya ce, "A'a, yau taron na mutum biyu ne?" Ban kula shi ba.

Kawu ya iso da ƙunshin tawul a ka. Ya ga Na-Inji, ya gan ni.

"Auta, saƙona fa? Gobe motar za ta zo."

"Kawu, alfarma ɗaya nake roƙo. Kafin ka tara ruwa, bar ni in ɗaura wannan a bakin famfo."

"Me ke nan? Kai ma ka fara tsubbu?"

"In bai nuna komai ba, yanzu-yanzu zan isar da saƙon a gabanka."

Ya sauke ƙunshin ya harɗe hannu. Na ɗaure ƙyallen a bakin famfo da zare, na tara bokiti, na buɗe. Ruwan ya yi tari sau biyu ya fara zuba. A ido ruwa ne kamar kowane ruwa, balle a wannan duhun safiya, a kan baƙin siminti. Bokiti ya cika na sheƙa a ƙasa, na sake tarawa.

"Ga ɗan Goggo," in ji Gajere. "Aljanun sun yi kewar shayi."

Na rufe famfon, na kwance ƙyallen, na fita da shi bakin ƙofa inda haske yake. Tsakiyarsa ta yi ja kamar an goge tsohuwar ƙusa da shi. Na miƙa wa Kawu. Ya juya shi, ya shinshina, ya ɗan taɓa da harshe ya tofar.

"Tsatsa," ya ce, can ƙasan maƙoshi.

Na koma na buɗe famfon na yi ta sheƙa ruwa a daɓe, kamar yadda na ga Goggo tana yi, tun daga ƙofa har kwata. Kawu yana kallon ruwan yana tafiya, na ga bakinsa yana motsi, amma bai hana ni ba. Da na gama na ɗaura ɗaya ƙyallen, na bar ruwa ya bi ta cikinsa ya cika bokiti. Na kwance. Fari ne yadda na ɗaura shi.

"Ruwan da ya kwana a bututu ne, Kawu. Da can daɓe ke shanye shi. Tun da Goggo ta zauna, kwaminka yake shiga."

Sai Gajere ya ce, "To wa ya ce ba wani ne ya ɗura abu a bututun ba?"

"Ta ina?" in ji Kawu. "Bututun da ke cikin bango? Ko shi ma aljanin ne?"

"Ni dai na ga mutum da bokiti."

"Ka je ka hura wutarka."

Kawu ya riƙe ƙyallayen biyu, ɗaya a kowane hannu, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗago ya dubi Na-Inji.

"Har yanzu ba ka gaya mini abin da kake yi da ruwana da asuba ba."

Na-Inji ya sunkuyar da kai. Ni ma ban tona masa asiri ba. Kawu ya bi idona, don na yi kuskuren waiga wajen jakar ledar, wadda bakinta ya ɗan buɗe, hannun rigar ya leƙo. Ya kalli hannun rigar, ya kalli jan ƙyallen. Bai ƙara tambaya ba.

"Mu ga zannuwan tukuna," ya ce. Ya juyo gare ni. "Kai kuma daga yau kai za ka riƙa zubar da shi. Gadon gidanku ne. Kuma kada ka je ka gaya wa goggon taka, ba zan sha ruwa a garin nan ba."

Ranar ya aike ni na sayo lemun tsami da yawa da gishiri. Ya jiƙa zannuwan da suka ɓaci, muka shimfiɗa su a fili, Allah ya taimaka rana ta leƙo. Sauran fararen kayan kuma ya wanke su da ruwan da ya biyo baya. Da motar ta zo, direban ya ɗaga zane ɗaya wajen haske, ya ɗaga na biyu, ya ƙulle ƙunshin ya saɓa a kafaɗa ya tafi. Na-Inji yana kwamin ƙarshe yana bugun wando. Ba wanda ya ce masa ya zauna. Ni dai ban isar da saƙon ba, Kawu kuma bai sake tambayata ba.

Ba wai komai ya koma daidai ba ne. Kwaɗon yana nan a akwatin sabulu. Gajere yana amsa gaisuwa, amma da hanci, kuma na ji shi yana gaya wa wata mai haya cewa shi dai mutumin da ba a san unguwarsu ba, ba a san shi ba. Na-Inji ma bai ƙara sakin jiki da ni kamar da ba. Ya san na laɓe na kalle shi, ni ma na san ya sani. Yanzu sai na gama wanke daɓe yake ɗiban ruwan rigarsa, amma rawayan da ya riga ya kama ta bai fita ba.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, Na-Inji ya tafi sayo sabulu. Na ga Kawu ya zagaya baya, ya dawo da rigar a hannu yana riƙe da ita da yatsu biyu.

"Wannan abin zubar mana da mutunci yake yi," ya ce, ba da kowa ba. "Mai kawo wanki ya gan ta a jikin ɗan wurin nan, ai sai ya juya."

Ya yanka ragowar lemun tsamin, ya barbaɗa gishiri, ya murje wuyan da bakin hannun da kyau, ya shimfiɗa ta a kan murfin tukunya inda rana ta fi bugawa. Da ta sha rana ya ɗauraye ta a kwaminsa, ya ture Gajere daga teburi ya goge ta da kansa, ya mayar da ita kan ƙusarta.

Rana ta yi tsaka, Na-Inji ya zagaya baya. Ina hango shi ta ƙofa. Ya tsaya a gaban rigar bai taɓa ta ba. Can ya sauke ta, ya juya cikinta waje, ya duba wuya, ya laluba aljihu, ya shinshina. Ya waigo wajen rumfa. Kawu yana sunkuye a kwaminsa yana cuɗa tawul, bai ɗago ba.

Na-Inji ya sa rigar, ya ɓalla maɓallan har wuya, ya ɗauki ƙunshinsa, ya bi ta gefen Kawu ya fita titi.